Ba A Ajiye Koma

Sai a jifa na uku ƙugiyar Halvard ta sami abin da ya fito nema. Ya ja a hankali, ya ji ta cije, sandar fatsar ta lanƙwashe. Ya gyara tsayuwa cikin ruwan da ya kai masa cinya, ya waiga ya dubi hanyar da ta gangaro daga gidan wansa.

Abin da ya kama ba kifi ba ne. Wani tsohon kututture ne mai rassa da ya nutse a wannan gurbi na Kogin Vessa tun suna yara. Mutanen garinmu, Vessdal, suna kiransa Mai Haraji, don babu masuncin da bai karɓe wa ƙugiya ba, kuma bai taɓa mayar wa kowa ba. Kowa kauce masa yake yi. Halvard ne mutum na farko da ya yi sammako takanas don ya same shi.

Yau da tsakar rana majalisar ƙaramar hukuma za ta kaɗa ƙuri'a a kan kamfanin da ke son haƙar tagulla a dutsen bayan gari. Ba haƙar ce ta dami Halvard ba. Dusar dutsen da za su niƙe ce, wadda za a riƙa zubarwa a teku daidai bakin kogi, ta inda kifin salmon ke haurowa duk shekara ya yi ƙwai. Kansiloli goma sha ɗaya ne, kuma a gari irin namu ba a ɓoye ƙuri'a, tun kafin mutum ya yanke shawara maƙwabta sun san abin da zai zaɓa. Shida suna so, biyar ba sa so. Na shidan shi ne Ottar, wan Halvard ciki ɗaya. In bai je ba za a yi kunnen doki, in kuwa an yi kunnen doki bakin ciyaman ke raba gardama, ita ko ciyaman ɗinmu 'yar masunta ce gaba da baya. Wanda ya kamata ya zauna a madadin Ottar yana can Sifen yana gasa tumbinsa a rana.

Halvard ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, har ya gwada ambaton kabarin ubansu. Amsar Ottar ɗaya ce: kamfani ya yi wa ɗansa Eirik alkawarin aiki, kuma in aikin ya tabbata Eirik zai baro birni ya dawo gida da matarsa da 'yarsa. Tun rasuwar matarsa Ottar shi kaɗai yake kwana a gida mai ɗaki shida. Wannan magana ta fi ƙarfin Halvard, shi ya sa ya koma ga kututture.

Can sai ga Ottar ya gangaro zai je inda yake ajiye motarsa, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza da zaman majalisa, takalmi na ƙyalli. Halvard ya jira ya zo daidai inda ya yar da koma, ragar kwaso kifi mai mariƙi, a bakin gaɓa, sannan ya saki kwarkwaron zare ya yi ƙara, ya dafe sandar da ciki kamar za ta tafi da shi.

"Yaya, koma. Ɗauko koma, don Allah."

Halvard ba ya ce wa Ottar Yaya sai yana neman wani abu. Amma hannun masunci ya riga tunaninsa sauri. Kafin Ottar ya ce uffan, komar tana hannunsa.

To, a nan Vessdal akwai abin da ba a rubuta ba amma ko yaro ya san shi. A zamanin kakanninmu wani mutum ya riƙe wa abokinsa koma, ya gaji da jira, ya ajiye ya tafi tatsar shanu. Kifin ya fizgi abokin ya faɗa gurbi, sai bayan kwanaki aka ga gawarsa. Tun daga ranar, wanda ya ɗauki koma ba ya ajiye ta, ba ya miƙa wa wani, sai kifi ya hau tudu ko zare ya tsinke. Jikokin mai shanun nan suna nan, mutanen kirki, ɗayansu ma likitan haƙori ne, amma har gobe gidan Ajiye-Koma ake ce da gidansu.

Ottar ya dubi komar da ke hannunsa, ya dubi inda zaren ya shiga ruwa, ya daɗe yana kallo.

"Babba ne?" in ji Ottar.

"Ban taɓa jin irinsa ba. Ya kwanta a ƙasa, ko gezau."

"Haka manyan suke yi. Ka san ina da zama da tsakar rana."

"Ni na ce masa ya ci ƙugiya yau?"

Ottar ya sami dutse mai faɗi ya tsaya a kai, ya ware ƙafafu, ya riƙe komar da hannu biyu yadda ubansu ya koya musu.

Yi wa kututture wasan kifi aiki ne, Halvard bai san haka ba sai da ya fara. Dole ya ja har sandar ta rusuna, ya saki zare ruwa ya ɗan ja shi kwarkwaro ya yi kuka, ya taka baya, ya taka gaba, yana nishi yana zagin kifin da uwar kifin. Sa'arsa ɗaya, reshen da ya kama yana ɗan rausaya da ƙarfin ruwa, sai kan sandar ya riƙa karkarwa kamar akwai rai a ƙasa. Ya ji daɗin kansa ƙwarai. A ransa ya ce ashe da birni ya tafi yana saurayi da yanzu yana cikin talabijin.

Abin da bai lissafa ba shi ne jama'a. Mai raba wasiƙu ya hango su daga kan gada, shi ke nan magana ta gama gari. Kafin rana ta ɗaga an cika gaɓa: tsofaffi da kujerunsu na naɗewa, mata da karnuka, har da mutanen da suka ce wa iyayen gidansu za su je asibiti. Magnhild, matar Halvard, ta iso da butar gahawa da kwandon waina mai cuku. Ta dubi zaren, ta dubi mijinta, ta taɓe baki.

"Maigida, yau kuma da wa ake kokawa?"

"Ki yi shiru, kina tsorata shi."

"Wannan kam ba na jin yana da tsoro," in ji ta, ta fara zuba wa mutane gahawa.

Zufa ta karyo wa Halvard duk da sanyin ruwan. Babu mutum ɗaya a gaɓar nan da bai san inda Mai Haraji yake kwance ba, yawancinsu ma yana riƙe da kayansu. Mutum ɗaya ya buɗe baki, asiri ya tonu. Amma mutanenmu ba su da gaggawar faɗin gaskiya in ƙarya ta fi daɗin kallo. Wani tsoho ya kare ido da hannu ya ce ya ga jelarsa, faɗinta ya kai shebur. Wata ta ce ita bayansa ta gani. Aka shiga musu ko namiji ne ko mace.

Steinar mai kanti ne kaɗai bai sha gahawar ba. Shi ya riga ya yi odar sababbin firji saboda ma'aikatan da za su zo, saboda haka agogo yake ta dubawa. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya matso ya yi gyaran murya.

"Ni fa ban ce komai ba," in ji shi, "amma ba nan ne makwancin Mai Haraji ba?"

Kowa ya juya ya dubi Ottar.

Ottar ko waigowa bai yi ba. "Steinar, ka taɓa kama wani kifi da ba daga cikin firji ba? Mai Haraji yana can ƙasa, ambaliyar bara ta gusa da shi. Ka zo ka koya mini kogin ubana?"

Aka kwashe da dariya, Steinar ya ja da baya yana gunaguni. Halvard ya sauke numfashi. Sai dai daɗin bai kai masa ciki ba. Ga wansa, dattijo mai furfura, yana kare ƙaryar da aka yi don a cuce shi, a gaban duk gari. Bai yi zaton abin zai yi masa ɗaci haka ba.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a kan gada, wata budurwa ta gangaro tana tsallake taɓo. Tiril ce, wadda kamfani ya turo ta zauna da mu tun hunturu. Yarinya ce mai ladabi, tana gaida kowa, ta ci abincin kowa, shi ya sa ƙin ta yake da wuya, ko da yake wasu sun yi iya ƙoƙarinsu.

"Baba Ottar, ana ta nemanka. An fara zama."

"Ga ni nan, 'yata. Kin ga halin da ake ciki."

"Kawo in riƙe maka. Ka je ka ɗaga hannu ka dawo, ba zan motsa ba."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Magnhild ta kama hannun yarinyar ta zaunar da ita a kan kujera, ta ɗora mata waina a cinya. "Ci wannan, kada ki ƙara faɗin haka a bakin ruwa. Ba laifinki ba ne, ba a gaya miki ba."

Aka yi mata bayanin mai shanu, mutum huɗu a lokaci guda, kowa da irin nasa. Tiril ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, ba da faɗa ba: "Na ji. Amma makarantarku saura yara nawa a ciki? In aka rufe ta, wa zai gaji wannan komar da ba a ajiyewa?"

Tsofaffin suka sami abin kallo a cikin kofunansu, don kusan kowannensu yana da ɗa ko 'ya a birni da ba ya gani sai Kirsimeti.

Daidai nan wayar Ottar ta yi ƙara a aljihun kwat. Ba irin ƙarar kowa ba ce. Muryar jikarsa Ylva ce Eirik ya ɗauka ya sa masa, tana cewa, "Kaka, ɗauki waya, Kaka, ɗauki waya." Hannayen Ottar biyu suna kan koma. Yarinyar ta yi ta kira daga cikin aljihu har ta gaji, ta yi shiru, ta sake farawa.

Halvard ya kasa jurewa. Yana son kogin, ya fi son sa da yawancin mutane, amma bai taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ya taka baya har ya matso kusa da dutsen da wansa ke tsaye, ya rage murya.

"Yaya, ina jin zaren nan ya kusa tsinkewa. Bari in ja shi da ƙarfi, in ya tafi ya tafi. Har yanzu za ka iya samun zaman."

"Ka ja shi da ƙarfi?" in ji Ottar da babbar murya, yadda kowa zai ji. "Kifin da ba a taɓa ganin irinsa a Vessa ba? Sassauta masa, Halvard. Irin wannan ba a yi masa gaggawa."

"Bayana fa ya riƙe."

"Bayanka ya daɗe yana riƙewa, duk ranar da ake gyaran rufin coci yake riƙewa. Shiga ciki sosai, kana ba shi zare da yawa. Ƙara shiga. Ɗaga sandar sama, sama da kanka. Haka."

Jama'a suka goyi bayan Ottar, kowa na ba da shawara. Halvard ya tsinci kansa cikin ruwa har ƙirji, hannaye a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, ruwan ƙanƙara yana tsiyaya cikin wandon robarsa. Da ya ɗan sauke hannu sai Ottar ya ce, "Sama." Da ya nemi a miƙo masa gahawa sai Ottar ya ce mai kokawa da kifi ba ya shan gahawa, ubansu bai taɓa yi ba. Magnhild ta ce gaskiya ne, ta shanye kofin da kanta. Dama an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Halvard nasa ya kai masa har ƙirji, kuma yanzu ba shi da ikon fita sai wanda ya yi wa tarkon ya yarda.

Bai san iya daɗewar da ya yi a haka ba. Ya daina jin yatsun ƙafarsa, ya daina zagin kifin, ya koma zagin kansa a zuci. Wayar Steinar ce ta cece shi. Mai kantin ya kara a kunne, ya saurara, fuskarsa ta canza.

"Biyar da biyar," in ji shi. "Ciyaman ta ce a'a." Ya dubi Halvard, ya dubi Ottar, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya ya hau gangaren yana maganar firji shi kaɗai.

Ba a yi sowa ba, mu ba mu iya wannan ba. Wasu dai sun gyaɗa kai, wani tsoho ya fyace hanci da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Tiril ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta, ta gode wa Magnhild, ta ce kamfani zai sake nema baɗi. Magnhild ta ce Allah ya kai mu, ta ƙulle mata sauran wainar ta tafi da ita.

"To, yanzu gwada jan sa," in ji Ottar. "Ina ganin ya gaji."

Halvard ya ja da ɗan ƙarfin da ya rage masa, zaren ya tsinke, ya tafi da baya ya zauna cikin ruwa. Jama'a suka yi dogon tsaki na takaici, irin wanda ya dace. Aka naɗe kujeru, aka kama hanya ana kiyasin nauyin kifin, kuma kafin a kai gada ya riga ya kai girman ɗan maraƙi.

Aka bar su su biyu. Halvard ya rarrafo ya zauna a kan ciyawa yana karkarwa, yana zazzage ruwa daga wandon roba. Ottar ya jingine komar a jikin bishiya, ya miƙe yatsunsa da suka ƙage, ya zauna kusa da shi bai ko damu da kwat ɗin ba.

"Yaya," in ji Halvard, "akwai maganar da ya kamata in gaya maka."

"Wace ƙugiya ka ba shi?"

"Wa?"

"Mai Haraji. In jar nan ce da ka ara a wurina bara, sai ka biya ni."

Halvard ya juyo ya zuba masa ido. "Ka sani?"

"Tun daga kan hanya. Kifi yana yawo, Halvard. Naka ya yi rabin yini bai gusa da taki ɗaya ba. Kuma kai in ka kama kifin gaske ba ka kiran kowa, ɓoyewa kake yi."

"Ka ce ambaliya ta gusa da shi."

"Kai kaɗai aka yarje wa ƙarya a gidanmu?"

"To don me ka bar ni cikin ruwan nan kamar shanya?"

"Wannan ladan wasanka ne. Ba ka iya ba ko kaɗan."

Halvard ya so ya yi dariya, amma ya ga fuskar wansa ba ta dariya ba ce. Ottar yana kallon gurbin, inda ruwa ke juyawa a kan kututturen.

"Na yi wa Eirik alkawari zan ɗaga hannu," in ji shi. "Kuma da na shiga ɗakin nan da na ɗaga, don ba na saɓa wa yaron nan. Na fito gida ina roƙon Allah ya sa mota ta ƙi tashi. Sai na tarar da kai kana rawa da itace." Ya nuna bakin gurbin. "A nan na koya masa jifa. Can, kan wancan dutsen. Ina so ya dawo, Halvard, ba ka san yadda nake so ba. Amma ban san me zan nuna wa 'yarsa ba in sun dawo."

Halvard ya sami abin da ya fito nema, kogi ya tsira ko da na shekara guda ne, kuma wansa zai koma gida mai ɗaki shida ya dafa abincin mutum ɗaya. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda ba ya zuwa da hawaye.

Aljihun kwat ya sake magana: "Kaka, ɗauki waya."

Ottar ya ciro wayar, ya duba, ya ajiye ta a kan cinyar ƙanensa.

"Kai ka ga kifin nan da kyau," in ji shi. "Kai za ka gaya wa Eirik girmansa. Kuma ka sa ya yi girma sosai, don sai ya kai girman abin da ya rasa."

Ya tashi ya ɗauki komar ya saɓa a kafaɗa, ya fara hawa hanyar gida. Halvard ya goge jiƙaƙƙen hannunsa a ciyawa, ya danna, ya kara a kunne, yana shirya nauyin da zai faɗa. Amma ba Eirik ba ne a kan layin.

"Kaka?" in ji ƙaramar muryar. "Baba ya ce in tambaye ka, wane ɗaki ne nawa?"